Ba Sai An Hau Sama Da Tef Ba

Mai girma shugaban kwamitin ɗakin karatu, iyayenmu dattawa na layin gaba, malamai, iyaye mata da ke bakin taga, 'yan'uwana masu sana'a da kuka rufe shaguna kuka zo, assalamu alaikum.

Na gode da minti biyar ɗin da aka ba ni. Ni mai walda ne, ban gama sakandare ba, ɗan abin da na sani a ɗakin nan na tsince shi, a kan bencin can mai ƙafa uku da bulo. Yau za a ɗaga hannu kan ko a kwashe kantar littattafan kimiyya a jibge kujerun taro a wurin. Tun ba a ɗaga hannun ba, jiya na sayi ƙusa aka ƙunshe mini ita a shafin littafin taurari. Wanda ya fara rabon ya san kansa, ga shi can yana kallon silin.

A zaman da ya wuce, a kan littattafan nan, Baba magini ya ce, "Ƙarya ce tsagwaronta. Wa ya hau sama da tef ya auno tauraro?" Aka yi dariya. Baba, da girmanka, ga amsa.

Na farko, ranar da na haɗa ƙarfen tankin ruwa, daga tsallaken titi ka tsaya, ka kanne ido, ka ce, "Ɗan nan, ƙarfenka bai kai ba." Na yi musu, na hau, na auna, bai kai ba. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda. Amma babban ma hangowa ya yi, bai taka ya je ba.

Kowa ya miƙa hannu ya ɗaga babban yatsa. Hajiya, har da ke. Rufe idon dama, buɗe, rufe na hagu. Yatsan ya yi tsalle a jikin bango, ko? Matso da shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru. Haka masana ke yi. Su dubi tauraro yau, su jira wata shida duniya ta zagaya ɗaya gefen rana, su sake dubawa. Daga ɗan tsallen da ya yi sai lissafi ya ba da nisa. Mafi kusa da mu in ka cire rana, haskensa sai ya yi tafiyar shekara huɗu da 'yan watanni, alhali na rana minti takwas ya ishe shi.

Na biyu, waɗanda suka yi nisa har tsallen ya ɓace. Akwai taurarin da haskensu kan ƙaru ya ragu, kuma daga jinkirin bugunsu ake gane ainihin ƙarfinsu. In ka san ƙarfin fitilar babur, ka hango ta dushi-dushi, ai ka san mai shi da sauran tafiya.

Na uku, an tarar gungun taurarin nesa duk guje mana suke yi, kuma mafi nisa ya fi gudu. Ka san nisa, ka san gudu, sai ka maida lissafin baya zuwa lokacin da komai yake wuri guda: shekara kusan biliyan goma sha huɗu. Sun taɓa kuskure? Ƙwarai. Lissafin farko ya nuna duwatsun ƙasa sun girmi sararin da suke ciki, ɗa ya girmi uba. Ba su kwashe kanta ba, sake awo suka yi. Allah ne Ya yi halitta, mu namu awo ne, kuma awo bai taɓa rage darajar gini ba.

Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. In kujeru ne damuwar, ni zan haɗa musu maratayi a bango da ƙarfena, kafin Asabar. Ban ce ku yarda da ni ba. Duk mai shakka ya zo ya buɗe littafin ya kama ni da ƙarya a gaban jama'a. Sai dai ba zai iya ba in littafin ba ya nan. Ku tuna da wannan in za ku ɗaga hannu.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da haƙuri da bakina, Ya buɗe wa 'ya'yanmu ƙwaƙwalwa, Ya maida kowa gidansa lafiya.

Na gode.