Ƙanin Direba Mai Haɗa Kiɗa

"Kiɗan da Dogo ke haɗawa, ko kurma ya ji sai ya taka!" in ji mai gyaran waya.

Wata budurwa na kan benci tana jiran wayarta, wadda ta cika da kiɗan da take haɗawa a ɓoye.

Wani direba a gefenta ya ce, "Haba malam! Dogo kwafa yake. Mai Hula kuwa ƙarar keken ɗinki ya mayar kiɗan hip-hop, yanzu kowa shi yake kwaikwayo."

"Kana yabonsa kamar ƙaninka," in ji mai gyara.

"Ƙanina ne mana, ciki ɗaya!"

Mai gyara ya tuntsire da dariya. Ita kuwa ta ɗago ta dubi direban.

"Baba, don Allah, ƙanin naka yana koya wa mata?"