Saƙo Daga Akwatin Mamaci

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Daga unguwar Briqueterie nake rubuto muku. Tun zamanin faifan disket nake haɗa manhajar kwamfuta, har furfura ta cika min kai, ban taɓa ganin rashin imani irin wannan ba.

Ƙanena Hamadu direban babbar mota ne. 'Yan bindiga suka tare shi a hanyar Kuseri suka kashe shi, aka binne shi can, ba mu ga gawa ba. Matarsa Dije tana cikin takaba, sai ga imel daga akwatinsa: wai yana raye, a turo kuɗin fansa. Ni na buɗe masa akwatin nan. Ina dubawa na gane ɓarayin intanet ne suka fasa shi. Allah ya isa!

Na ce, "Dije, ba shi ba ne."

Ta ce, "Yaya, kai ka ga gawarsa?"

Ta ajiye takaba, ta yi lalle, ta kai keken ɗinkinta kasuwar Mokolo ta sayar don ta haɗa kuɗin fansa. Kullum sai ta share ɗakinsa.

Rufe akwatin ba ya min wuya. Amma jama'a, ku ba ni shawara: da wane baki zan sake yi mata ta'aziyya?