Ƙarfen Bakin Gado

Baba: Salamu alaikum. Uwata, kina jina?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Baba. Ina wuni? Ya gida?

Baba: Lafiya lau. Ya aiki, ya fama da rana?

Injiniya: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar taka?

Baba: Da sauƙi. Ya maigidan naki da yaran?

Injiniya: Duk lafiya. Ya Umma?

Baba: Tana nan... Tambaya gare ni, ke da kike zanen gadoji. Na huda ƙarfe, na yanka tiredi a ciki, zaren nan da noti ke bi, amma in na ɗaura notin sai ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa.

Injiniya: Mota? Wace motar kuma?

Baba: Noti na ce, noti.

Injiniya: Au, layin ne ke yankewa. Kaurin ƙarfen ya kai kaurin notin?

Baba: Ina fa. Ko rabinsa bai kai ba.

Injiniya: Shi ya sa tiredin ya cinye. A ƙa'ida, notin ya nutse cikin ƙarfe aƙalla daidai kaurinsa, in ƙarfen mai laushi ne ma a ƙara. Ka yi waldar wani mai kauri ta baya, ka sake yankawa. Kuma kada ka danne sifana da ƙarfin tsiya. Wane nauyi zai ɗauka?

Baba: Nauyin mutum.

Injiniya: Mutum? Me kake haɗawa ne?

Baba: Abin dafawa ne, a jikin gadon Ummanki. In an sallamo ta...

Injiniya: A sallamo ta daga ina? Baba?

Baba: Asibiti. Faɗuwa ta yi a banɗaki, ɓarin jikinta na hagu ya daina motsi. Ƙanwarta ke jinyarta. Ɗakin mata ne, ba sa barina in zauna.

Injiniya: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ne aka rasa mai gaya min?

Baba: Ita ta hana, wai aiki ya yi miki yawa.

Injiniya: To kai wa ke tare da kai? Wa ke maka girki?

Baba: Ni da rediyo. Gidan ya yi min girma, Uwata. Shi ya sa na fito da kayan aiki, ko na ji motsin wani abu.

Injiniya: Gobe ina hanya in sha Allah. Kada ka ɗaura komai sai na zo, tare za mu...

Baba: To ko sabuwar hudar ma in bari? Ga shi dama ba mai riƙe min ƙarfen. Ki taho da ƙaramin yaron nan naki ko ya cika min gida da surutu. Uwata? Kina jina? Uwata?