Ni Na Ce Jirgin Hawa Yake Yi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe Sarkin Pawa, shugaban wannan zama. Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dattawan fatake, dillalan shanu da mahauta. Mutanen Wamakko da kuka tako da ƙafa. Iyayenmu mata da ke saurare daga bayan zana, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni dama in yi magana. Na san da yawa cikinku kun zaci yabon Siddiƙu mai kora shanu na tashi yi, shi da muka rufe yau kwana bakwai. Halinsa ba ya bukatar shaidata. Ni Aƙilu, mai tsaron burtali, na tashi ne saboda Jinaidu mai busa ƙaho, wanda ke tsare a hannun dogarai tun ranar, ana cewa shi ya busa wa garke ya ƙetare alhali jirgin sama yana sauka. Gobe za a kai shi gaban alƙali. Magana uku gare ni, kuma ba mai daɗi a cikinsu.

Ta farko, abin da ya faru. Kun sani, tun da Nasara suka share filin jirgi suka datse mana burtali, ku kuka ɗora ni in riƙa duba sama. Kun kuma san halin jirgin nan. Wata rana ya zo ya sauka kai tsaye, wata rana ya yi ƙasa ya leƙa filin, ya sake hawa ya tafi dogon kewaye, wanda ya isa garke guda ya ƙetare. Aikina in gane wanne yake yi. Ga sandata, tsaga goma sha biyu gare ta. Nakan tsaya daga gefen fili, in miƙa hannu, in daidaita gindinta da inda sama ta haɗu da ƙasa, in ga tsagar da jirgi yake kai, in ja numfashi uku, in sake dubawa. In ya ƙaru, hawa yake yi. In ya ragu, saukowa yake yi. Shekara biyu ina wannan, har girman kai ya shige ni.

Ran nan rana ta take tsaka, shanu sun sha tafiya daga Wamakko, ƙishi ya dame su, mahauta kuma sun aiko sau biyu wai na tsare musu kasuwa. Na duba, bakwai. Na sake dubawa, takwas. Jinaidu ya ce da ni, “Malam Aƙilu, ƙararsa ta yi sanyi fa, ni dai ji nake shina sauka.” Na ce masa, “Kunnenka aka ba aikin ko sandata? Busa.” Ya dube ni, ya busa. Siddiƙu yana tsakiyar fili jirgin ya kawo kai. Baturen da ke tuƙa shi ya karkace bai taɓa kowa ba, amma shanu suka firgita suka juyo, suka bi ta kan Siddiƙu. Da hannun nan nawa na ɗauke shi.

Ta biyu, abin da na gano, kuma kunya ce gare ni in faɗe shi. Kwana uku ina rantse wa kaina cewa jirgin ne ya yaudare ni. A na huɗu na koma wurin da tsakar rana, na auna kan gawon nan da ke bakin fili. Biyar. Na ja numfashi uku, shida. Na sake, biyar. Na sake, huɗu. Jama'a, itace ne fa, saiwarsa tana cikin ƙasa tun kafin a haifi kakana, amma a sandata ya hau, a sandata ya sauka. Hannu yana rawa, ido yana ruwa, zafin rana yana sa abin da ke nesa ya yi ta motsi. Kowane awo da ɗan kurensa, wani ya haura gaskiya, wani ya kasa ta. Wanda ya ɗauki awo biyu kacal ya ce ya san inda jirgi ya nufa, rawar hannunsa ya auna. Sai da na auna gawon nan sau goma, na dubi inda yawancinsu suka taru, sannan ya tsaya wuri ɗaya. Shekara biyu sa'a ce take ƙetarar da shanunku, ni kuwa ina ta karɓar godiya.

Ta uku, abin da nake roƙo. Wanda duk za ku ɗora bayana, kada ya tsaya shi kaɗai. A sa mutum uku, kowa ya duba sau shida, a gwada ukun farko da ukun ƙarshe, kuma in bakinsu bai zo ɗaya ba, kada a busa. Na sani wannan zai ci lokaci, na sani kafin su gama wani zubin damar ta wuce, na sani mahauta za su yi gunaguni. Ku yi gunagunin. Gara nama ya makara a kasuwa, mutane su koma gida da ƙafafunsu.

Sannan a saki Jinaidu. Bai taɓa busa abin da ban ce ba, kuma ranar shi ne ya yi gaskiya. Ranka ya daɗe Sarkin Pawa, in an tashi daga nan ba gida zan koma ba, ka haɗa ni da wanda zai raka ni wurin dogarai.

Baba Ibrahim, mahaifin Siddiƙu, kwana bakwai ina zaune kusa da kai a zaman makoki. Kana kuka kana kai ƙarar wanda ya kashe maka ɗa wurin Allah, ni kuma ina ɗaga hannu ina cewa amin. Tsoro ne ya rufe mini baki. Ba yafiya na zo nema yau ba, ban kai nan ba. So nake ka san wanda kake yi wa addu'ar.

Allah ya jiƙan Siddiƙu, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya mayar da Jinaidu ga iyalinsa, ya tsare masu bin burtalin nan da dabbobinsu, ya kai kowa gida lafiya. Ni kuma ku sa ni a addu'a, wanda ya iya.

Na gode.