Inda Za A Kai Odile

A tashar jirgin ƙasa ta Lyon na ji wani dattijo yana tambayar matar da ke zaune kusa da shi.

"Baiwar Allah, ina baƙo zai kai 'yarsa a garin nan?"

"Ku hau tudun Fourvière, ku hango garin gaba ɗaya. In kun sauko, ku ci abinci a bakin kogi. Kifi take so ko nama?"

"Ban sani ba."

"Haba, Baba! 'Yarka ce fa."

"Odile tana jaririya uwarta ta tafi da ita. Sai jiya ta yarda mu haɗu, ta ce muna gama cin abinci za ta wuce."



"To, ku bar tudun. Akwai wani ɗan gidan abinci bayan tsohuwar coci, ba sa saurin kawo abinci. Can za ka kai ta."