Ƙyauren Mutumin Dabaga

Ranar da labarin rasuwar mijina ya iske ni, a shekarar babban fari, zamanin soja, ina tashar Agadas ina jiran mota. Kusa da ni wani makiyayi ya tsaya gaban wani mutum da ke zaune kan ƙyauren gida.

"Malam, ina za ka da ƙyaure?"

"Arlit, neman aiki. Rijiyar garkata a Dabaga ta ƙafe."

"Ni kuwa Dabaga zan kai iyalina. Raƙumana sun ƙare, an ce can da ruwa."

"Wanda ya gaya maka, a mota ya wuce."

Suka yi dariya.

"To gidanka wa ke ciki?"

"Iska. Je ka zauna."

"Sayar min da ƙyauren mana."

Mutumin ya shafa itacen.

"In na sayar, na san ba zan koma ba. Ɗauka, aro ne."