Hular Bakwaini

A ɗakin jira na asibiti, wata dattijuwa na fama da kwarashi da zaren ulu, takardar koyon saƙa a cinyarta. Wata matashiya ta matso kusa da ita.

"Sannu da aiki, Mama. Hula ce?"

"Ta jikana ce, bakwaini, yana cikin kwalba. Sai warwarewa nake yi. Na sayi takardar nan don an ce ta 'yan koyo ce, amma wadda ta rubuta ta ba ta san Allah ya halicci bahagwai ba."

Matashiyar ta ƙura wa takardar ido.

"Ni na rubuta ta, Mama. Sana'ata ke nan."

"Au! Yafe min, 'yata, suɓul da baka ne."

"A'a, gaskiya kika faɗa. Waɗanda suka iya ne ke aiko min da yabo. Waɗanda suka kasa shiru suke yi, su ajiye zaren."

"To, yanzu ya za mu yi da kan yaron nan?"

"Juyo ki fuskance ni, ki bi hannuna kamar madubi. Amma a hankali, Mama, yau ni ma 'yar koyo ce."